Ciniki Na Tafiya, Jari Na Raguwa: Ko Karatun Intanet Zai Fisshe Mu?

Assalamu alaikum. Ni matashi ne ɗan shekara 28, ina zaune a wani ƙauye a ƙasar Gumel, jihar Jigawa. Na gama NCE ban samu aiki ba, sai mahaifinmu ya zaunar da ni a shagonsa na taki, iri da maganin feshi, yau shekara uku ke nan. Yayana ke zuwa Kano saro kaya, ni nake zaman shago. Ciniki alhamdu lillahi, da damina ko abinci ba na samun sukunin ci. Amma bara buhu 200 na taki muka saro, bana da ƙyar kuɗinmu ya kai na 140, kuma ban san inda kuɗin ya shiga ba. Baba yana ba manoma bashi da baki zuwa kaka, Yaya kuma in buƙatar gida ta taso sai ya ja durowa ya ɗauka. Na ji an ce manyan jami'o'in duniya suna koyar da kasuwanci kyauta a intanet, na yi rajistar kwas huɗu, ko ɗaya ban gama ba. Data ta ƙare, Turancin ya yi mini sauri, ɗaya ma zancen hannun jarin kamfanonin Amurka kawai yake yi. Baba ya ce latse-latsen waya ya shiga kaina, kasuwa ba a koyon ta a takarda. Yaya ya yi fushi da na ce mu riƙa rubuta abin da aka ɗauka, ya ce ɓarawo nake son kiran sa. Wani abokina kuma ya ce in kawo naira 25,000 a samo mini satifiket ba sai na wahala ba. Shin karatun nan zai amfane ni, ko in haƙura?

Wani ɗan kasuwa, ƙasar Gumel

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Kada ka haƙura, kuma kada kwas huɗun nan da ka watsar su sa ka zaci kanka ba ya ja. Wanda ya lura buhu sittin sun salwanta tsakanin bara da bana, har abin ya dame shi ya ɗauki alƙalami, kansa yana ja sarai. Inda aka samu tangarɗa shi ne ka tafi neman ilimin kasuwanci gaba ɗayansa, alhali shi kogi ne, ku kuwa ramuka biyu ko uku ne suke shanye muku kuɗi. Sai an san ramin ake sanin yawan ƙasar da za ta cike shi. Don haka ajiye wayar tukuna, mu fara daga shago.

Zan yi maka lissafi da alƙaluman misali, ba farashin kasuwar yau ba, kai sai ka sauya su da naku na gaskiya. A ce bara kun sari buhu 200 a kan naira 30,000 kowanne, miliyan 6 ke nan, kuɗin mota da lodi da sauke kaya suka ci 1,000 a kowane buhu. Kuka sayar a 33,500, kayan duka suka tashi a miliyan 6 da dubu 700. A ido an ci riba, kowa a gida zai iya rantsewa an ci. To amma buhu 60 bashi aka bayar, har bazara ta zagayo kuɗin 15 daga ciki bai dawo ba, wato naira 502,500 tana hannun mutane. Cefane, asibiti, suna, biki, kuɗin makarantar yara, a ce dubu 50 ake zara daga durowa duk wata, a shekara dubu 600. Abin da ya rage a hannu bai cika miliyan 5 da dubu 600 ba. Yaya ya isa Kano ya tarar buhu ya koma 38,000, mota da lodi 1,200. Raba ka gani: buhu 142.

Yanzu duba yadda buhu 58 ɗin suka watse. Tashin farashi shi kaɗai ya cinye kusan 30, domin ko kowa ya biya bashinsa, ba a taɓa sisi a durowa ba, kuɗinku buhu 170 kawai zai saya. Bashin da ya maƙale ya tafi da kusan 13, hidimar gida ta tafi da kusan 15. Babu ɓarawo ko ɗaya a lissafin nan, ka riƙe wannan da kyau, za mu dawo kansa. Kuma ba ku kaɗai abin ya shafa ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kaya suka yi ta hawa, a 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a ƙididdigar gwamnati kanta. A irin wannan yanayi, mai shagon da ke ɗora riba a kan farashin da ya saro, maimakon farashin da zai sake sarowa, jarinsa yake ci yana zaton riba ce.

To ka ga giɓin naka ya fito fili. Ba ka buƙatar darasin jawo masu saye, kai da ba ka samun sukunin cin abinci. Ba ka buƙatar darasin hannun jari. Abin da kake buƙata, bi da bi, shi ne ajiye lissafin shago a rubuce, sannan bibiyar shige da ficen kuɗi tare da sarrafa bashi, sannan yanke farashi. Na farkon shi ne tushe, in babu shi sauran biyun ba su da abin da za su tsaya a kai.

A ganina inda ya fi dacewa ka fara shi ne OpenLearn, dandalin da Open University ta Birtaniya ta buɗe tun 2006. Dalilina uku ne, kuma duk daga wasiƙarka na ɗauko su. Yawancin darussansu rubutu ne, ba bidiyo ba, don haka babu malamin da zai tsere maka da Turanci, kai ne za ka karanta layi sau uku in ka so. Da yawansu ana iya sauke su gaba ɗaya a matsayin PDF, ka karanta ba tare da data ba. Sannan kyauta ne daga farko har ƙarshe, har takardar shaidar halarta da suke bayarwa. Ka rubuta kalmar bookkeeping a wurin bincikensu, za ka ga kwas na share fagen ajiye lissafi da akanta wanda lokacin da aka ƙiyasta masa bai kai awa goma ba. Shi za ka ɗauka, shi kaɗai. Taura biyu ba ta taunuwa, balle huɗu.

In ka gama shi, ka leƙa littattafan kwasa-kwasai na NOUN, Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya, waɗanda ake saukewa kyauta ko mutum ba ɗalibinsu ba ne. Malaman ƙasar nan suka rubuta su, don haka misalansu sun fi kusa da kai. Jami'ar Rice ta Amurka ma tana da shirin OpenStax mai raba cikakkun littattafan akanta da kasuwanci kyauta, sai dai suna da girma, babi ɗaya ake nema a ciki, ba a karanta su daga bango zuwa bango. Darussan da jami'ar MIT ta Amurka ta baza kyauta sun yi nauyi ga mai farawa, bar su sai gaba. Dandalin Coursera da na edX, waɗanda aka kafa a 2012, suna ɗauke da kwasa-kwasan manyan jami'o'i da gaske, amma kyautar tasu da sharaɗi. A edX za a bar ka ka bi darasi na wasu makonni, a rufe maka jarrabawar da ake ba da maki, satifiket kuma sai da dala. A Coursera kwasa-kwasai da yawa kashin farko kawai suke buɗewa kyauta, sai dai ka cike fom na neman tallafi ka jira amsa. Abin da nake so ka kiyaye ƙwarai: duk inda aka ce ka gwada kyauta na kwana bakwai amma ka sa lambar katin ATM, kada ka sa. Kwanakin na cika za a fara cirar kuɗi ba tare da an sake tambayar ka ba.

Batun data kuwa, dabara ce. Bidiyo mai kyan hoto yana iya lashe kusan gigabait ɗaya a awa guda, in ka rage ƙarfin hoton zuwa 360 ko 240 ba zai wuce kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na hakan ba, kuma allo da muryar malami kake nema, ba kyan fuskarsa ba. Kwas na rubutu ɗungurungum bai kai nauyin bidiyon biki na minti biyar ba. Kada ka tsaya kokawa da sabis ɗin ƙauye. Ranar da ka shiga Gumel, ko ranar Alhamis in ka je kasuwar Maigatari, ka tsaya inda sabis ke da ƙarfi ka sauke abin da zai ishe ka mako biyu. Kamfanonin layi suna da datar dare mai rahusa, ita ma ta sauke kaya ce. Lokacin karatu ka kashe data gaba ɗaya, domin saƙo ɗaya na WhatsApp ya isa ya sace maka rabin awa. In ya zama dole ka kalli bidiyo, ka kunna rubutun da ke bin magana a ƙasa, ka rage saurin zuwa 0.75. Manhajar fassara ta Google tana da Hausa, za ta taimaka maka ka gane inda sakin layi ya dosa, amma kada ka amince mata a kan kalmomin akanta, takan juya su. Gara ka ware shafukan ƙarshe na littafinka ka riƙa rubuta kowace sabuwar kalma da fassararka ta kanka: wannan ita ce haja, wannan bashin da muke bi, wannan bashin da ake bin mu, wannan uwar kuɗi. Za ka yi mamakin yadda rabinsu ka daɗe da sanin su a bakin Baba.

Kada ka fara karatun da damina, ko da kaka lokacin da ake karɓar bashi. Daga Janairu zuwa Afrilu, kafin manoma su fara sharar gona da neman iri, shi ne lokacinka. Minti arba'in bayan sallar asuba ko bayan isha'i, kwana biyar a mako. Awannin da aka rubuta a jikin kwas an auna su ne da wanda ya tashi da Turanci, kai ka ninka sau uku ba tare da jin kunya ba, wato mako bakwai zuwa takwas. Sharaɗin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne kada ka wuce darasi sai ka aikata shi a kan shagonku. In yau an koya maka rubuta kuɗin da ya shiga da wanda ya fita, gobe ka rubuta na shago. In an yi misali da fam ɗin Ingila da kantin sayar da kekuna, ka goge ka sa naira da buhun yuriya. Kwas huɗun baya sun mutu ne saboda babu abin da ya haɗa su da durowar da kake zaune a gabanta.

Bari in nuna maka inda mutane da yawa suke zubar da karatun akanta, don kada ya zo maka a ba-zata. Za a kawo ka kan rubutu mai gefe biyu, debit da kiredit, a ce maka kuɗin da ya shigo hannunka a gefen debit ake rubuta shi. Kai kuma ka saba in alat ɗin kiredit ya shigo waya, kuɗi ne ya ƙaru. Nan kai yake ɗaurewa. Sirrin shi ne banki daga nasa ɓangaren yake rubutu: kuɗinka da ke wurinsa bashi ne kake bin sa, shi ya sa yake kiran sa kiredit. A littafinka na kanka abin a juye yake. Ma'anar duka dai ita ce kowace naira tana da inda ta fito da inda ta tafi, kuma duka biyun ake rubutawa. In mako guda ya wuce bai zauna maka ba, ka ci gaba, zai zauna daga baya.

Shago irin naku littafi huɗu masu kauri sun ishe shi. Na ciniki, inda kullum za a rubuta abin da ya shigo, tsaba daban, taransifa daban, da duk abin da ya fita har kuɗin ɗan dako, a ƙirga durowa kafin a rufe. Na bashi, kowane mutum da shafinsa: rana, kayan da ya karɓa, kuɗinsu, lokacin biya, shaida, da sa hannu ko dangwale. Na kaya, wanda za ku riƙa gwada shi da ƙirgen ido duk ƙarshen wata, takin kamfa nawa, yuriya nawa, supa nawa, kwalbar maganin feshi nawa. A nan za ka gano asarar da ba ta ihu: maganin feshin da wa'adinsa ya wuce a bayan kanta saboda sabon kaya ake turawa gaba, irin da ya shekara ya rage tsiro, yuriyar da ta sha danshi ta dunƙule saboda an jibge ta a kan siminti babu katako a ƙasa. Abin da ya riga shigowa shi zai riga fita. Na huɗu shi ne na gida, kuma shi ne mai ƙaya.

Mu dawo kan Yaya. Ka sa kanka a matsayinsa. Mutum ne mai iyali, shi ke bin hanya da miliyoyi a jiki, shi ke jayayya da dillalai da direbobi, kuma na tabbata babu wanda ya taɓa yanka masa albashi. In yaronsa ya kwana da zazzaɓi, ina zai nufa in ba durowa ba? Sai ga ƙanensa mai takarda ya ce a rubuta. Ba abin mamaki ba ne ya ji kamar an nuna shi da yatsa. Gyaran shi ne ka fara da kanka. Shafin farko na littafin gida ya zama naka: kuɗin data, kuɗin man babur, kuɗin shayi, wata guda cur, a buɗe a kan tebur inda kowa zai gani, ba tare da ka ce wa kowa ya rubuta nasa ba. Sannan ka same shi ku biyu, ba a gaban matarsa ko yaran shago ba, ka ba shi haƙuri a kan yadda maganar ta fito, ka nuna masa lissafin buhu 58 ɗin nan da alƙalumanku na gaskiya. Ka ce, “Yaya, na duba, farashi ne ya fi cin mu, kuma kai ka fi kowa sanin farashi.” Gaskiya ce kuwa. Ka roƙe shi ya riƙa kiran abokan sarinsa a Kano duk mako, in farashin sari ya motsa ku motsa naku a ranar, ko da tsohon kaya ne a shago. Daga nan ku kai wa Baba shawara tare: a yanka wa kowannenku abin da zai ɗauka duk wata, a yanka na cefanen gida, abin da ya wuce haka a rubuta shi. Wanda aka yanka wa haƙƙinsa ba ya jin rubutu a matsayin tuhuma.

Baba kuma, kada ka yi gardama da shi a kan cewa kasuwa ba a koyon ta a takarda, domin rabin maganarsa gaskiya ce. Babu jami'ar da za ta gaya maka wane manomi ne zai kawo kuɗi ranar da ya sayar da riɗinsa, wane ne sai an bi shi har masussuka, wane ne gonarsa jigawa ce da ba ta jure fari. Wannan ilimi yana kan Baba, kuma bashin da yake bayarwa shi ne ya ɗaure mutanen garin da shagonku shekara da shekaru. Da tsohuwar zuma ake magani. Kwas zai iya ce maka ka rage bashi ko ka ci tarar wanda ya yi jinkiri. Tarar jinkiri a kan bashi riba ce irin ta kuɗin ruwa da addini ya haramta, haka nan duk darasin da ya ginu a kan kuɗin ruwa ka karanta shi don fahimta, ba don aiki ba, abin da ya shige maka duhu ka kai wa malami. Dokokin haraji na Birtaniya ko Amurka da za ka ci karo da su ma ka tsallake, ba namu ba ne.

Hanyar shiga wurin Baba ba waya ba ce, kada ma ya gan ta a hannunka ranar. Ka je da littafi, bayan isha'i, in ya huta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi zuwa ajali sananne, a kafa shaidu. Baba ya fi ka sanin ta, tunatarwa kawai za ka yi cikin ladabi. Ga kuma zakka. A mazhabar Malikiyya, ɗan kasuwar da ke juya haja kullum yana yi wa kayansa ƙima sau ɗaya a shekara, ya haɗa da tsabar da ke hannu da bashin da yake sa ran za a biya, ya fitar da ɗaya bisa arba'in in ya kai nisabi. Wannan ƙiyasi kusan shi ne abin da kwas ɗinka zai kira takardar da ke nuna dukiyar kasuwanci a rana guda. Ka ce masa kana so ka taya shi wannan lissafi don zakkarsa ta fita daidai, ka roƙe shi ya faɗo maka sunayen masu bashi kana rubutawa. In kun gama, ka kasa su uku: na bana, na bara, da wanda ya haura shekara biyu. Gani ya kori ji. Ranar da dattijo ya ga jimillar a shafi ɗaya, sau da yawa shi da kansa yake cewa a yi iyaka. Shawarar da za ka miƙa ita ce a tsayar da adadi tun farkon damina, misali buhu ɗaya cikin kowane biyar, Baba ne zai zaɓi waɗanda za a ba, kai ka rubuta. Wanda Baba ya yafe wa saboda ya san halin da yake ciki, a rubuta sadaka a rufe shafinsa, ladansa na nan, littafi kuma ya daina ƙirga kuɗin da ba zai zo ba. In kana jin nauyin buɗe maganar, ka bi ta wajen mahaifiyarku ko wani baffanku da yake jin maganarsa.

Akwai wani amfanin rubutun da ba a so a faɗa, amma gara a faɗa. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, sai dai bashin da ke cikin kan mutum ɗaya, da shagon da ba a san na wane ne nawa a ciki ba, su ne suke raba 'yan'uwa ranar da babba ya kau. Littafin da kake son buɗewa kariya ce ga Yaya kansa.

In ka gwada wata biyu ka ga karatu kai kaɗai ya ƙi, wannan ba faɗuwa ba ce, akwai wasu ƙofofin. Gumel tana da kwalejin ilimi, makarantun sakandare kuma suna da malaman akanta da kasuwanci. Ka nemi ɗaya ku shirya zama na awa guda a mako, ka je masa da littafin shago da wurin da ka maƙale, ka yi masa ihsani daidai ƙarfinka. Tsohon littafin akanta na ajin farko na babbar sakandare ma yana ɗauke da mafi yawan abin da kake nema, da Turanci mai sauƙi. In ka samu wani mai shago ko mai POS a garinku da ke son koyo, ku riƙa karatun tare, mutum biyu sun fi wuyar watsarwa. In kuma zuciyarka takardar shaida take so, wadda ma'aikata za ta karɓa, to wannan hanya ce daban: NOUN tana da cibiyar karatu a Dutse, ana biyan kuɗi, ana shekaru, a fito da digiri na gaske. Takardar halartar kwas na kyauta ba digiri ba ce, ba difloma ba ce, su kansu masu bayar da ita sun faɗa.

Wannan ya kawo mu kan abokinka. Satifiket da aka saya ba zai dawo da buhu ko ɗaya ba, babu manomin da zai nemi ganin sa kafin ya sayi kamfa, kuma in wata rana ka miƙa shi a wurin neman aiki aka gano na bogi ne, ka jawo wa kanka abin da ya fi rashin aiki muni. Ka ce masa ka gode. Haka nan duk wanda ya turo maka sanarwar kwas kyauta tare da alkawarin tallafin jari, sannan ya nemi BVN, lambar sirrin kati ko lambar da banki ya turo maka a saƙo, ɗan damfara ne, jami'a ba ta neman waɗannan. Imel da suna sun isa rajista.

Naira 25,000 ɗin, in kana da ita, ka sayi littafi huɗu masu kauri, rula, biro ja da shuɗi, da kalkuleta mai manyan lambobi da za ta zauna a shago, ragowar ka ajiye na data. Ranar Juma'a mai zuwa bayan an sauko daga masallaci, ka roƙi Yaya ya riƙe fitila ku ƙirga duk abin da ke cikin sito, shi yana faɗa kana rubutawa, ku sa kwanan wata a sama. Shafin farko ke nan. In ka gama kwas na farko ka sake rubuto mana da jimillar kaya, tsaba da bashi, mu duba tare ko bibiyar bashi za ka bi da ita ko yanke farashi. Allah Ya sa albarka a kasuwarku, Ya ƙara haɗa kanku. A gaida Baba.